Ka Tafi, Bango Ya Ƙi Cin Abinci

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga wata, da hantsi ina tsaye a teburina ina saran ƙashi, aka zo aka ce mini Mai Tumaki ya rasu. Na ajiye wuƙar.

Abokina, ni ne mahaucinka shekara da shekaru. Kullum da safe kana zuwa da bokiti karɓar ƙashi da huhu na Bango, katon karen nan naka mai gadin garke, mai gashi kamar tunkiya da tsayi kamar ɗan maraƙi. Tun yana ɗan kwikwiyo ka sa shi cikin 'yan raguna, ka hana kowa yi masa wasa, don ya tashi yana ganin tumaki ne danginsa. Kai ke taje masa gashi, kai ke cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya. Lokacin zafi ka yi masa rumfa tun kafin ka gyara taka. Ina yi maka tsiya cewa ko surukinka bai samu wannan gata ba, sai ka yi dariya ka ce surukinka ba ya korar ɓarawo.

Alherinka bai tsaya kan dabba ba. Da gobara ta cinye mini rumfa, rago biyu ka koro mini, kuma har ka koma ga Allah ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Amma ka bar mu da damuwa. Saboda tsoron guba, ka horar da Bango kada ya ci daga hannun kowa sai naka. Yau ga shi kwance a ƙofar garke, haƙarƙarinsa sun fara fitowa. Tumakin nan su ne duk abin da ka bar wa maiɗakinka da 'ya'yanka mata, kuma shi kaɗai ke tsare su.

Ni dai hankalina bai kwanta da ƙaninka ba. A zaman makoki kowa idonsa na ƙasa, nasa na kan garke. Mutumin da bai taɓa wuce Bango ba tare da ya tofar da yawu ba, jiya sai ga shi a teburina.

"Yanko mini tsoka mai kyau, zan kai wa karen Yaya. Tausayi yake ba ni."

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

Sai ya hau sosa ƙeya. Wataƙila zato ne kawai, Allah Ya yafe mini. Na dai ce masa naman duk da mai shi. Da kaina na kai wa maiɗakinka ƙashi, ta dafa, ta zauna kusa da karen tana kiran sunansa yadda kake yi. Ya shinshina hannunta, ya lashi romo kaɗan. Na yi ƙwalla, wallahi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da tausayin da ka yi wa mai baki da marar baki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare musu abin da ka bari. Shi ma ƙanin naka ina yi masa ta'aziyya. Naman dai ba zan sayar masa ba.