Kwabban Jamus na Kakata

Har yau in na taɓa jan ƙarfe, na shinshina yatsuna, sai raina ya ɓaci. Baffana nake tunawa, ƙanin mahaifina, kuma wallahi ban yafe masa ba.

Kakata tana da wata 'yar batta ta fata, cike da ƙananan kwabban Jamus. Mahaifinta ne ya zo da su daga fataucin Kamaru, ya zuba mata a tafin hannu tana yarinya. Ya koma, bai sake dawowa ba. Kwabban ko ƙuli-ƙuli ba sa saya. Sun yi baƙi, gefensu ya yi kore. Da idonta ya tafi, sai ta riƙa zama a gindin rumbu bayan la'asar tana murza su ɗaya bayan ɗaya. Da babban yatsa take gane kowanne, wannan mai hoton mikiya, wancan mai lotsawa a baki. Nakan zauna kusa da ita ina jin ƙarninsu a hannunta.

Wata shekara, lokacin cirar gyaɗa, Baffa ya jiyo a kasuwar Makoda wai akwai mai tara tsofaffin kuɗin Turawa a Kano. Ko tambaya babu, ya ɗauke battar Kakata tana barcin rana. Shi a wautarsa, abin sayarwa sai ya yi ƙyalli kamar kwanon jere. Ya jiƙa su a ruwan tsamiya, ya dirje da toka da yashi har suka yi ja wur, mikiyar ta shafe. Da ya kai su Kano, mai sayen ya duba, ya turo masa kayansa. Ya ce shi tsufan yake saya, an kuwa kankare shi.

Marar kunyar ya dawo ya miƙa mata, har da dariya. "Inna, ga su, na wanke miki tas."

Ta murza ɗaya, ta murza wani. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Waɗannan ba na Babana ba ne." Ba ta ƙara buɗe battar ba har ta rasu.

Yanzu battar tana hannuna. Rumbun ya rushe, an yi shago a wurin. Baffa ya tsufa, shi ma idon ya fara tafiya. Kwanan baya ya aika a kira ni, wai jikansa ya gani a waya ana neman kwabban Jamus, ko suna nan?

Na je, na durƙusa na gaishe shi, na sa masa ɗaya a tafin hannu. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Kai, ai wannan babu komai a jikinsa."

Na ce, "Abin da ita ma ta ji ke nan, Baffa."

Na karɓe abina na fita.