Iyon Kududdufi

Shekara ashirin da biyu keken ɗinkina yana kusa da na Malam Isyaku a shago ɗaya a unguwar Dukawuya, don haka kar wani ya ce zai gaya min halinsa. Tela ne, amma ɗinki bai taɓa shiga ransa ba. Tun yana yaro ya koyi iyo a kududdufin bayan gidansu, wanda yanzu an cike shi an dasa shaguna a kai. Da ya girma sai ya riƙa kwasar yaran unguwa duk Asabar yana kai su wani wurin ninƙaya a bayan ganuwa. Na sha gaya masa wahalar banza yake, ya bar ni da kayan mutane ya tafi wanka da 'ya'yan wasu.

Cikin yaran akwai Nazeer, ɗan Alhaji Zaharaddeen mai atamfa a kasuwar Kwari. Yaron ya iya, ko ni da ba na son zancen na yarda. Matsalarsa guda ce, da ya ci rabin tsere sai numfashi ya ƙare masa, hannu ya mutu. Uban kuma ya gaji. Ya ce bana ce ta ƙarshe, in aka zo zaɓen 'yan wasan jiha ba a ɗauki Nazeer ba, to ya naɗe tawul ɗinsa ya bi shi kasuwa.

Ana haka injin wurin ninƙayar ya lalace, ruwan ya yi kore shar, aka zubar. Wata bakwai babu inda za su shiga. Isyaku har ramewa ya yi wallahi. Sai wani ma'aikacin asibiti da yake kawo mana ɗinki ya ce masa ai naman da ke jan numfashi ana horar da shi kamar damtse, akwai ma wata 'yar na'ura da ake zuƙar iska ta cikinta da ƙyar. Isyaku ya zagaya bai samu na'urar ba. Ya dawo ya zare tawadar biro, ya liƙe rabin bakin bututun da salatif, ya miƙa wa Nazeer. A toshe hanci, a ja iska sau talatin da safe, talatin da yamma. A cikin shagona fa! Kullum ina ɗinki ana yi min fito a kunne kamar butar shayi.

Abin haushi, abin ya yi aiki. Bayan wata huɗu Nazeer yana hawa dutsen Dala a guje ya sauko yana hira. Isyaku ya dinga kallona yana murmushi, ni kuwa na yi kamar ban gani ba.

Ranar zaɓen na rufe shago na bi su, ban san me ya kai ni ba. Mita ɗari biyu ne, mutum uku za a ɗauka. Nazeer ya zo na huɗu. Waɗanda suka riga shi suna riƙe da gefen wurin ninƙayar suna haki, shi kuwa ya fito ko ƙirjinsa ba ya ɗagawa, yana ta waige-waige don bai gane abin da ya faru ba.

Wani koci da ake kira Abdulhakeem ya ja Isyaku gefe ya tambaye shi wa ya koya wa yaron ɗaga kai sama. Ya ce huhun yaron ya fi na kowa a wurin, amma muddin kai yana sama ƙafa nutsewa take, sai mutum ya zama kamar yana jan buhu. Sauran suna tsoma fuska ne su juya gefe su shaƙa. A kududdufi wa yake tsoma fuska? Ruwan kwata ne da fasassun kwalabe. Haka Isyaku ya koya, haka ya koyar, in ya ga na talabijin ma cewa yake salo ne kawai.

Da la'asar na raka shi gidan Alhaji roƙon ƙarin shekara ɗaya. Ya durƙusa a zaure, mutumin da ya girmi Alhajin.

"Alhaji, laifina ne, ba na yaron ba."

"Na sani, Malam," in ji Alhaji. "Shekara biyar yana hannunka. Ya isa haka."

Litinin Nazeer ya fara zuwa Kwari. Isyaku ya zo shago ya zauna, ƙafarsa a kan keke amma ba ya takawa. Na so in ce ai na faɗa maka, sai tausayi ya hana ni, kuma na gaji da kasancewa mai gaskiya. Can ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, yara nawa nake jin ya koya wa iyo haka. Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi, sun fi ɗari.