Awon Rigar Sadiya

Dokas ta tsufa a kan keken ɗinki a unguwar Kolere, kuma ba ta yarda da kowa a kan yadi. Tun da aka dawo Mubi daga gudun hijira take lura da tsummokaran jikin marayu.

Gab da Sallah, Hajiya Ruƙayyatu ta kawo atamfar da aka ba Sadiya, marainiyar da take riƙo, amma 'yar cikinta ta turo gaba a auna.

Ta ce wa Dokas, "Maman Elkana, ai jikinsu ɗaya."

Dokas ta san Sadiya, ko kafaɗar 'yar Hajiya ba ta kai ba. Ta auna yarinyar. Hajiya na fita ta yanka daidai Sadiya, yadda ko da tsiya rigar ba za ta shiga jikin wata ba.