Furen Zinatu

Zinatu yayata ce, kuma duk Kontagora ban san mai taurin kai irinta ba. Mahaifinmu, Malam Abdulkahar, da ƙaro yake haɗa tawadar rubutun allo. Mu yara mukan saci ƙaron mu tauna, ita kuwa sai ta zauna tana kallon yadda yake narkewa a ruwa. Shekara ashirin bayan haka, da ta ga a waya ana shafa wa fure farin ƙwai a barbaɗa sukari don ado a kan kek, ta ce ƙarni zai yi. Ta koma wa ƙaron Malam.

Aikin na masu haƙuri ne, shi ya sa ban taɓa iyawa ba. Takan tsinki furen ros da na zogale da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ta ɗauraye, ta shafa ruwan ƙaro ɗaya bayan ɗaya da ɗan buroshi, ta barbaɗa sukarin da ta daka ya yi laushi. Sai ta jera a faifai cikin gidan sauro kwana biyu saboda ƙuda da kiyashi. Ƙawarta Christiana ce ke gasa kek, ita ke saye. Itacen ros ɗin nan shekara shida tana renonsa a tsakar gida, ko akuya ta kusance shi sai ta ji a jikinta.

Ranar da abin ya faru ina gidanta. Asabar ce, ana walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar wata maƙwabciya, Jawahir, kuma tun da safe Christiana ta kai kek ɗin, fure ya rufe shi. Wajen azahar yayan mijin Zinatu, Jabir, ya bugo mata waya daga Sahon Rami. Bayan gaisuwa ya tambaya, cikin jin daɗi, ko ƙwarin sun mutu. Ashe ran Laraba da ya zo, Zinatu tana kasuwa, ya ga ƙwari a jikin ros ɗin, ya fesa masa ragowar maganin gonar wakensa. Taimako ne a ganinsa, bai ga abin faɗa ba. Ran Alhamis ta tsinki furen da ke kan kek ɗin nan.

Tana ajiye wayar ta faɗa mana. Mijinta ya ce ai ta ɗauraye, ɗan abin da ya rage ba zai yi komai ba, ta yi shiru kada ta kashe sana'arta da bakinta. Ni ma, Allah Ya yafe mini, haka na ce. Ta kira Christiana, a kashe. Ta kira Jawahir sau huɗu, hayaniyar biki ba ta bari an ji ba. Ta yafa mayafi a karkace ta fita, na bi ta ina haki.

Mun tarar yara sun kewaye teburi, an riga an sa wuƙa. Kowa ya san yara fure suke fara wawura. Zinatu ta kutsa ta riƙe hannun yarinyar da ta yi saukar, wadda ta riga ta ɗauki ɗaya.

"Hajiya Jawahir, kada a ci," ta ce, muryarta a fili, gaban mata sun fi hamsin. "An fesa wa furen maganin ƙwari. Ban sani ba sai yanzu. Laifina ne."

Ba ta ambaci Jabir ba, kuma hakan har yau yana ba ni haushi. Aka tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai baki. Aka fita da kek ɗin, yarinyar tana kuka.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, an ƙara masa gishiri: wai yara uku suna asibiti. Wata biyar ba wanda ya nemi furenta. Ros ɗin kuwa ita da kanta ta sare shi da adda, tana hawaye, ta dasa sabo a bokitai a barandar ɗakinta.

Jawahir ce ta fara dawowa, za ta yi suna. Da Zinatu ta buɗe robar da ta zubo mata furen, sai ta ɗauki fure ɗaya ta sa a baki ta tauna a gabanta, sannan ta miƙa. Jawahir ta ce ba sai ta yi haka ba. Shekara uku ke nan, kuma ba ta taɓa miƙa wa kowa roba ba tare da ta fara ci ba.