Turaren da Ya Bi Soja Daji

Shekarar da Baba bai dawo daga yaƙin Laberiya ba, aka karɓe gidanmu na bariki, muka koma unguwar Kawo wurin mahaifiyarsa, Goggo Asabe. Ina da shekara tara, ƙanena Sadiku yana da shida. Da an idar da isha'i Goggo za ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta jera masara a kan garwashi, mu matso. Innarmu kuwa tana bakin famfo da kwanukan wanke-wanke, inda ko raɗa aka yi sai ta ji.

Goggo ba ta ɓata bakinta a kan kura da zomo. Matar soja ce, uwar soja, don haka tatsuniyarta ta sintiri ce. "Ga ta nan, ku riƙe ta gam," in ji ta. Sojoji bakwai za su shiga daji a ƙafa. Taku goma tsakanin kowa da kowa, don kada nakiya ɗaya ta ci mutum biyu. Inda na gaba ya ɗaga ƙafa, nan na baya zai sa tasa. Ba magana sai da hannu. Duk abin da zai yi ƙara a naɗe shi da tsumma. Ba sabulu, ba sigari, ba turare. Har jera mu take yi a tsakar gida, wanda ya yi tari ta ce ya mutu, ya kwanta.

"To shi na huɗun," sai ta ɗaga murya, "yana da mata mai son a ce ta iya. Ta kwashi kakinsa ta turara da turaren wuta. Iska ta juya, masu kwanton ɓauna suka shaƙa. Shida suka dawo. Wa ya kashe shi?"

"Matarsa!"

Wanda ya fi ihu shi ke samun masarar farko, kuma kusan kullum ni ce. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na san Baba ne na huɗun, yaro ai ba jaki ba ne. Wata safiya Sadiku ya shinshina rigar makarantar da Inna ta wanke masa, ya jefar, ya ce, "Ni ma so kike ki kashe ni?" Goggo ta yi dariya har da tafi. Inna ta ɗauki rigar ta sake ɗaurayewa da ruwa zalla.

Ina ajin ƙarshe a sakandare Goggo ta rasu. Cikin masu ta'aziyya akwai Saje Bulus, wanda suka yi sintirin nan tare da Baba. Na bi shi zaure na tambaye shi.

"Kakin da mamanku ta turara?" Ya girgiza kai. "'Yata, wata biyar muna cikin ruwa da taɓo, wane ƙamshi zai saura? 'Yar kwalbar turare ce a aljihunsa, yana shafawa duk asuba. Sau biyu na ce ya jefar. Ya ce uwarsa ta damƙa masa a tashar Mando, ba zai yar ba. Ni na kawo wa mamanku ita cikin kayansa."

Na sami Inna a ɗaki. Ba ta musa ba. Ta buɗe akwati, ta zaro kwalbar daga ƙarƙashin zannuwa, saura ɗan kaɗan a gindinta.

"Inna, me ya hana ki faɗa?"

"Goggo ɗa ɗaya gare ta. Ni ina da ku biyu." Ta mayar da kwalbar, ta rufe akwatin. "Amma ke, Rabi, kin fi kowa murya."

Na nemi gafara, ta ce ba komai, kuma wannan ba komai ɗin ya fi mari ciwo. Yau ina da 'ya'ya, ban taɓa yi musu tatsuniyar nan ba, masara gasasshiya ma na daina ci. Goggo ce ta koya mana dokar sintiri, amma Inna ce ta bi ta: ta tsaya nesa don abin ya ci ta ita kaɗai. Ranar da za a sayar da gidan Kawo na auna daga murhu zuwa bakin famfo da ƙafata. Taku goma ne cif.