Kabarin Arkadi a Bayan Shinge

Gwaggo Taisiya ta shigo garin nan na gaɓar tekun Barents tana amarya, garin da ko a taswira babu shi, ba kuma mai shiga sai da izinin soja. Aikinta gashin burodi ga sojojin jiragen ƙarƙashin teku. In jirgi ya dawo lafiya, ita ke gasa musu ɗan alade, don haka aka saba.

Mijinta Arkadi makanikin injin nukiliya ne. Wata tafiya bututu ya fashe, ya shiga ya gyara, gubar nukiliyar ta cinye shi cikin mako guda. A akwatin dalma aka rufe shi, aka zuba kankare a kai. Kullum in ta tashi aiki sai ta je ta share masa ƙanƙara, ta ba shi labarin gari har da gulma.

Sai manya suka ƙulla yarjejeniyar rage makamai. Madalla, duniya ta huta! Aka ja jiragen aka yanyanka, aka ce kowa ya kwashe komatsansa, gari zai koma wurin ajiyar shara mai guba. Hankalin Taisiya ya tashi ƙwarai, ta nufi ofishin Kyaftin Lobanov, wanda ya ƙoshi da burodinta tun yana ƙaramin hafsa.

"Ɗan nan, ku tono mini shi in tafi da abina."

"Haba Gwaggo, wa zai taɓa wannan kabari? Ko jikokinmu ba za su buɗe shi ba."

"To in riƙa zuwa, ko sau ɗaya a shekara."

Ya sunkuyar da kai. "In kika fita, sai wani naki na ciki ya gayyace ki."

"Ga mijina a ciki!"

"Mai rai ake nufi, Gwaggo."

"Lokacin da kuke neman mai shiga wuta, kun tambaya ko zai fito da rai? Kai ko kunya ba ka ji?"

Ya koma kan takardunsa. Ta fito, tsoro ya cika ta, don ta san sanyin ƙasar nan ba ya barin tsoho.

Ran Alhamis jirgin fasinja na ƙarshe ya yi ta busa, maƙwabta suna ƙwala mata kira, ita kuwa ta kulle ƙofa ta zauna. Ran Asabar aka kashe wutar da ke ɗumama gidajen garin.