Rantsuwar Sule

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da yayata, wadda take aikin jinya a wani asibiti a cikin Kano. Saƙo ne ya zo daga Kawu, ƙanin mahaifiyarmu da ke zaune a wani ƙauye kusa da Rogo Ruma, cewa ɗansa Sule ba lafiya, wai iska ta taɓa shi tun da ya yi wata rantsuwa saboda yarinyar da yake nema. Yaya ta ɗauki jakar aikinta. Ni kuwa da na ji an haɗa rantsuwa da yarinya a zance ɗaya, sai na zaro gyalena mafi kyau. A littattafan da nake karɓa haya a kasuwa, saurayin da so ya kwantar yakan rame ne cikin kyau, yana kallon farin wata yana ajiyar zuciya. Shi na tafi gani.

Hayis ɗin da muka shiga ta bi hanyar Gwarzo lafiya, amma tunda muka karkata wajen Karaye sai ramuka cike da ruwan sama. Damina ta yi albarka, masara da dawa sun rufe ko'ina, ga rake a fadamu. A tashar Karaye abin da ke sayen masara gasasshiya ɗaya a birni ya saya mana uku, muka kora da furar wata Bafulatana mai yi mana Hausa tana juyawa ta yi wa 'yar'uwarta gulmarmu da Fulatanci. Nan Yaya ta taɓa ni, ta nuna min wani mai tebur. Tsakanin ashana da alewa ga ƙwayoyi a faranti, 'yan ƙwadago da fartanyoyinsu a kafaɗa suna saye kamar goro.

"Jar nan ita ce a-ji-garau," in ji ta. "Mutum ya sha, ya yi noman mutum biyu, daga baya jiki ya karɓi hakkinsa."

Daga nan zuwa Rogo a bayan akori-kura muka tafi, kan buhunan taki, wata akuya tana ta ƙoƙarin ɗanɗana bakin gyalena. 'Yan acaɓa suka ƙarasa da mu ƙauyen, laka har gwiwa.

Bayan doguwar gaisuwa Inna, matar Kawu, ta kai mu ɗakin. Babu farin wata, babu ajiyar zuciya. Hayaƙin turare ya turnuƙe, an ɗaure ƙafar Sule da igiya don kada ya fita, jikinsa na karkarwa, gumi ya jiƙe tabarma. Wannan shi ne Sulen da makaɗa ke wasa shi a wajen gayya, wanda ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya a gona ba.

Yaya ta fitar da kaskon turaren, ta sallami 'yan kallo, ta kwance igiyar da hannunta. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta riƙe wuyan hannunsa.

"Sule, ni ce. Ba faɗa na zo yi ba. Me kake sha?"

Da kyar ya faɗa. Da safe a-ji-garau don noma, da ta hana shi barci sai ya koma shan wata 'yar ƙarama da suke kira roce, shekara da shekaru. Mahaifin Hanne, yarinyar da yake so, ya ji labari ya ce ba zai ba ɗan ƙwaya 'yarsa ba. Shi ne Sule ya dafa Alƙur'ani a gaban liman, ya rantse ƙwaya ba za ta sake wuce maƙogwaronsa ba, ya zuba sauran a masai.

Bai rufe baki ba jikinsa ya sandare, ya fara fizge-fizge, kumfa na fita. Masu leƙe ta ƙofa suka watse, wai yawun mai farfaɗiya yana harbi. Inna ta rugo da cokali za ta cusa masa.

"Inna, kar ki sa masa komai a baki!"

Yaya ta fizge gyalena daga kafaɗata, ta dunƙule shi ƙarƙashin kansa, ta juya shi kan gefe, tana kallon agogonta har abin ya lafa.

Ta samu Kawu a zaure ta durƙusa. Ta ce ba iska ba ce, jiki ne ya saba da ƙaramar ƙwayar, yanke ta rana ɗaya na iya kashe mutum. Sai an kai shi asibiti yau, likita ya ba shi irinta, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawa har jiki ya haƙura.

"Ƙwaya kuma?" in ji Kawu. "'Yar nan, yaron nan Alƙur'ani ya dafa. Gara ya tafi da rantsuwarsa, da a ce Littafin Allah ya ci shi."

Sule ma da ya farfaɗo haka ya ce, yana hawaye: "Yaya, ki bar ni. Na rantse."

Na zaci za ta ɗaga murya ta yi musu Turanci. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa Kawu ya raka ta wajen liman. Na bi su. Ta tsuguna daga bakin zaure ta zayyana komai.

"Kin tabbata zai iya rasa ransa?" in ji liman.

"Allah gafarta Malam, na ga waɗanda suka rasa."

"Wadda za ku ba shi fa, ba za ta mayar da shi gidan jiya ba?"

"Tsani ce, Malam. Da ita zai sauko, maimakon ya diro daga sama."

Liman ya ja carbinsa. Sannan ya dubi Kawu ya ce rantsuwa tana da kaffara, rai kuwa ba shi da madadi. A ciyar da miskinai goma, a kai yaro asibiti. Da kansa ya zo ya faɗa wa Sule.

"Malam, in baban Hanne ya ji na sha fa?"

"Ni na ɗora maka Littafin, ni zan je in gaya masa. Tashi."

Kafin a samo mota Inna ta buɗe rumbu tana awon dawa, maƙwabta sun ɗora tukunya. Muka komo Karaye da Sule kwance, kansa a cinyar Yaya, tana kare shi daga kowane rami. A asibiti ta yi wa likita da ma'aikatan jinya bayani dalla-dalla. Da aka miƙo ƙwayar ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa, sannan ya yi bisimilla ya haɗiye.

Sai washegari da karkarwar ta ragu, ya fara shan kunu da kansa, muka juyo gida. A mota Yaya ta ce kada in yi saurin murna, hanyar tana da tsawo, wasu sukan koma, shi ya sa ta roƙi Kawu ya daina tura shi gayya bana.

Na koyi cewa barin ƙwaya ma ciwo ne mai bukatar jinya, ba igiya ba, kuma sanin magani bai isa ba sai ka san ƙofar da za ka durƙusa. Mun iso gida da la'asar, Yaya ta ba mahaifiyarmu labari a taƙaice kamar ba ta yi komai ba, ta ɗauko farar rigarta ta aikin safe. Ni na hura mata gawayin dutsen guga, ban kuma bari kowa ya taya ni ba.